Yadda ake wanke fumfuna a cikin tsohon lensin kyamara ba tare da an ɓata gilashin ba

Kafin ka taɓa sukudireba ɗauki tocilar wayarka tukunna. Cire lensin daga jikin kyamara, cire murfin gaba da na baya, ka buɗe ƙofar hasken, ramin da ke tsukewa da buɗewa a tsakiyar lensi, har ƙarshe wato ka kai zoben kan ƙaramar lamba irin 1.8 ko 2, sai ka shiga ɗaki mai ɗan duhu ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba, a ɗan karkace ba kai tsaye cikin idonka ba. Zaka ga abubuwa da yawa, kuma kar gabanka ya faɗi, ko sabon lensi ka haska haka sai ka ga ƙura. Abin da muke nema daban ne.

Fumfuna tana da kamanni nata, da zarar ka ganta sau ɗaya ba zaka ƙara rikita ta da wani abu ba. Zare-zare ne farare sirara kamar saƙar gizo-gizo, ko kamar jijiyoyin ganye, suna tashi daga ɗigo ɗaya suna yin rassa, yawanci daga gefen gilashi suke farowa suna rarrafowa tsakiya. Wata kuma kamar an yayyafa ƴan ƙananan dunƙulen auduga. Idan abin da ka gani hazo ne kawai ya lulluɓe gilashin bai ɗaya ba rassa, wannan yawanci tururin tsohon giris ne ya kwanta, ba fumfuna ba. Idan wani baka-gizo ne ko launin ruwan zuma a bakin gefe, to gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ne ya fara saki. Idan ƴan ƙwayoyi ne masu sheƙi kamar kumfa a cikin naman gilashin, daga kamfani ya fito da su, ka bar su ba ruwanka da su. Na tsaya a nan ne saboda mutane da yawa suna buɗe lensi lafiyayye saboda ƙura, su rufe shi da ƙurar da ta fi ta da.

Sannan ka gane a wane gilashi take. Juya lensin a hankali kana matsar da kai, abin da ke kusa da gaba da abin da ke can ciki ba sa motsi tare. Rufe ƙofar hasken kaɗan ka duba, fumfunar tana gaban ganyayyakin ƙarfen da ke tsuke ƙofar ne ko tana bayansu? Wannan kaɗai shi zai gaya maka ta gaba zaka shiga ko ta baya, kuma wallahi rabin aikin kenan, domin dokata ta farko a wannan aiki ita ce kar ka buɗe abin da bai zama dole ba.

Me ma ya kawo ta? Ƙwayoyin fumfuna suna ko'ina cikin iska, suna cikin kowane lensi har wanda ka saya jiya, abin da suke jira kawai yanayi ne. Kamfanin Zeiss ya bayyana yanayin a fili: danshin iska kashi 70 cikin 100 ko sama da haka har fiye da kwana 3, ga duhu, ga rashin motsin iska, zafi tsakanin digiri 10 zuwa 35, sai abin ci wato ƙura da zaren yadi da shatin yatsa da maiƙo. Yanzu ka tuna inda ake ajiye tsohuwar kyamara, cikin jakarta ta fata a ƙasan akwati shekara da shekaru, kaga an haɗa mata komai. Irin su Aspergillus da Penicillium ne akasari. Ba gilashin suke ci ba, amma suna fitar da wani ruwa mai tsami da yake cinye shafin da ke kan gilashin, idan suka daɗe har gilashin kansa suna yi masa shati.

Wannan shafin, masu sana'a suna ce masa kotin, shi ne kalar shuɗi-shuɗi ko ruwan goro da kake gani idan ka karkata lensi a haske, aikinsa rage ƙyallin da gilashi ke mayarwa. Alexander Smakula ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Zeiss a 1935, bayan yaƙin duniya na biyu ya yaɗu, sai a 1971 Asahi Pentax ta fito da mai hawa-hawa a lensinta na Takumar. Siririn abu ne da bai kai kauri ɗaya bisa ɗari na gashin kai ba. Kuma na farko-farkon nan, na shekarun 1940 da 1950, da yawa laushi gare su musamman a fuskokin ciki, domin ba a yi su don wani ya goga ba. Tsofaffin lensin Leitz irin su Summitar da Summarit sun yi suna wajen wannan laushin. Idan irinsu ne a hannunka, ko wani abu ne mai daraja ko na gado da ba zaka iya jure rasa shi ba, dan Allah kai wa wanda gyaran lensi ne sana'arsa. Haka lensin zuƙowa mai gilasai goma sha wani abu, da na zamani mai fokas da kansa mai siraran wayoyi a ciki, wasu ma an narka roba an rufe gilasan ba sa buɗuwa sam, ba da su ake koyo ba.

Da me ake koyo? Da lensi mai tsayi ɗaya wato wanda ba ya zuƙowa, na ƙarfe, wanda ko ya lalace ba zaka yi kuka ba. Ni Helios 44-2 nake nuna wa kowa, na Tarayyar Sobiyat mai milimita 58, an ƙera su bila adadin, tsarinsa kwafin Biotar na Zeiss ne, gilasai 6 a rukuni 4. Daga gaba akwai gilashi guda, sai wasu biyu a manne, sai ƙofar haske, sai wasu biyu a manne, sai guda a baya. Yawancin lensin milimita 50 na wancan zamanin kusan haka cikinsu yake, in ka gane wannan ka gane da yawa.

Kayan aiki ba su da yawa amma kar ka yi musu dabara. Sifanar lensi mai baki biyu da ake buɗawa ana tsukewa, robobin murɗa zobe masu kama da kofi, ƙaramar roba mai tsotso ta ɗaga gilashi, mahurin iska na roba, tsinken auduga da yawa, takardar goge lensi, safar hannu wadda ba ta da hoda, hantsaki, fensir, salatif. Sukudireba kuwa a nan ake yawan yin ɓarna, sukurorin kyamarorin Japan masu kan kuros ba irin na Phillips ba ne, JIS ake ce musu, ido ba ya bambancewa amma in ka sa na Phillips sai ya riƙa zamewa sama yana cinye kan sukurun, kuma sukurun da kansa ya cinye a cikin lensi tashin hankali ne na kwana guda. Nemi JIS lamba 0 da 00. Ruwaye kuma: haidirojin feroksaid mai kashi 3, irin na wanke ciwo, amoniya ta goge-gogen gida, sifirit aisofrofil mai kashi 99, tataccen ruwa wanda ba gishirin komai a ciki, sabulun wanke-wanke na ruwa, sai ɗan man laita don maiƙo.

Magana ɗaya kan ruwayen nan kuma ba wasa a ciki. Kar ka kuskura amoniya ta haɗu da bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne yana ƙona huhu. Kar ka zuba feroksaid da binega a kwano ɗaya. Buɗe taga in zaka yi aiki da amoniya, kuma sifirit da man laita wuta suke kamawa, ba sigari ba kyandir a kusa.

Shimfiɗa farin tawul ko wani yadi mai laushi cikin babban tire ka yi aikin a ciki, saboda duk abin da ya faɗo ya tsaya nan. Kashe fanka. Ajiye wayarka kusa, duk abin da zaka cire ka ɗauki hotonsa kafin ka cire, duk wanda ka cire ka jera shi daga hagu zuwa dama yadda ya fito, fuskar da ke kallon gaba tana kallon sama. Kar ka ce zaka tuna, bayan awa biyu duk zoben baƙi kama suke da juna.

To, ta gaba. Zoben da aka rubuta sunan lensi a jiki shi ne ƙofa. Wani yana da ƴan tsaga biyu na sifana, wani ba shi da komai sai dai ka danna robar murɗi a kansa ka juya hagu, ka tabbata robar zoben ta kama ba gilashin ba. Idan bakin lensin inda ake ɗaura filta ya taɓa buguwa ya lotsa, zoben ba zai fito ba sai an miƙe lotsawar, kar ka tilasta. In ya ƙi motsi, ɗiga ɗigo ɗaya na sifirit a tiredin, wato zaren murɗin da zoben ke hawa, ka jira minti biyar ka sake gwadawa. Wani lokaci zaka ga ɗan busasshen gam ja ko kore ko baƙi a bakin zoben, kamfani ne ya sa don kar ya kwance, ɗigon asiton, ruwan da ake cire fentin farce da shi, a bakin tsinke yana narkar da shi, amma asiton yana cin fenti yana narkar da roba, ɗigo ɗaya tak a daidai wurin.

Sifana ita ce ta fi kowa yanka gilashi. Gyara faɗinta ta zauna daram cikin tsagogin biyu, ɗaure ta tamau, ɗora lensin a kan tebur ba a tafin hannu ba, danna ƙasa sosai sannan ka juya kaɗan. Da zarar zoben ya saki ajiye sifanar ka ƙarasa da yatsa ko tsinken katako. Ni nakan yanka ƴar takarda mai kauri zagaye in ɗora a kan gilashin kafin in sa sifana, in ta zame takardar ta sha.

Zobe ya fita, ɗaga gilashin da robar tsotso, ko ka rufe bakin da tafin hannu mai safa ka kifa a hankali ya faɗo ciki. In ya maƙale a karkace kar ka zungure shi da ƙarfe, mayar da shi ya daidaita ka sake. Yana fitowa, kafin komai, ɗauki fensir ka yi ƴar kibiya a kaurin gefensa tana nuna gaba. Wasu gilasan duka fuskokinsu a kumbure suke, bambancin kaɗan ne, in ka mayar da shi a juye lensin zai rufu lafiya lau amma hoto ya fito tsakiya garau gefe kamar an shafa masa mai. Duba kuma ƙarƙashinsa ko akwai wata siririyar wosha ta ƙarfe ko tagulla, wani lokaci tana manne a jikin gilashin ta faɗi ba ka sani ba, ita ce ke riƙe tazarar da kamfani ya auna, ba ado ba ce.

Ta baya ma kusan haka ne, a lensi da yawa rukunin baya gaba ɗaya yana kwancewa kamar murfin kwalba, sai ka ga fuskar da ke kallon ƙofar haske a fili, kuma sau da yawa nan fumfunar take. Abin da zan roƙe ka shi ne ka bar tiredin fokas, wannan babban murɗin mai giris da ke tura gilasai gaba da baya. Yana da mashiga da yawa, in ka raba shi ba ka yi alamar inda ya rabu ba zaka iya kwana kana gwadawa fokas bai koma daidai ba. Haka zoben lambobin ƙofar haske, ƙarƙashinsa akwai wata ƴar ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar gero a kan ɗan sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai tsalle, ita ke yin ƙas-ƙas ɗin nan, in ta yi tsalle ta tafi kenan. Wankin fumfuna yawanci bai buƙatar ka taɓa ko ɗaya cikin biyun.

Yanzu wankin kansa, kuma nan nake so ka rage sauri.

Fara da hura iska, fuska biyu, sosai. Duk wani ɗan tsakuwa da ya rage a kan gilashi in ka goga shi ne zai zana maka layi. Kar ka hura da baki. Sannan ka haɗa feroksaid da amoniya rabi da rabi a ɗan ƙaramin kofin gilashi ko roba, kaɗan kawai, kuma sabo duk ranar aiki domin haɗin ba ya ajiyuwa, kar ma ka toshe shi a kwalba. In ba ka da amoniya feroksaid kaɗai ma yana yi, sai dai ya fi ɗaukar lokaci. Gilashi in guda ne ba manne ba, kuma gefensa ba baƙin fenti, shimfiɗa takardar lensi a gindin kofin ka kwantar da shi ciki minti biyu zuwa biyar. Wani lokaci da idonka zaka ga zaren suna saki suna tashi kamar an jiƙa tsohuwar saƙar gizo, wallahi abin yana da daɗin kallo. Ciro shi, jiƙa tsinken auduga sharkaf, ka mirgina shi a kan gilashin daga tsakiya kana zagayawa zuwa gefe, nauyin tsinken kawai ba nauyin hannunka ba. Shafa ɗaya ka yar, ɗauki sabo. Auduga ba ta da tsada, gilashin ne ba a samun wani.

Lensin farko da na buɗe a nan na cuce shi, kuma har yau abin yana min ciwo in na tuna. Fumfunar ta fita tas amma wani ɗan shati ya rage a fuskar ciki, na ga kamar saura kaɗan ne, na ɗauki busasshiyar auduga na ƙara ƙarfi ina murzawa, da na ɗaga shi a haske sai na ga wani fili fari a tsakiya kamar girman farce inda shuɗin kotin ya tafi gaba ɗaya, ga ƙananan zane zagaye da shi. Shatin da nake yaƙi da shi ba datti ba ne, tabon da fumfunar ta riga ta ci ne, babu ruwan da zai fitar da shi. Saboda haka ga yadda nake yi yanzu: jiƙo biyu, in ya yi yawa uku. Abin da bai fita ba bayan haka ba zai fita ba, kuma na bar shi. Fumfunar ta mutu, ba za ta ƙara yaɗuwa ba, tabon kuma in a gefe yake ba zaka taɓa ganinsa a hoto ba. Man goge baki, man goge ƙarfe, duk wani abu mai gari-gari da wani zai ce maka yana cire tabo, kotin yake kankarewa, in aka matsa har siffar gilashin yana canzawa.

Akwai tsohuwar dabarar masu gyara ta shafa farin man shafa fuska irin Pond's a kan fumfunar a bar shi ya ɗan jima sannan a wanke. Tana aiki, amma fitar da maiƙon bayan nan wani aiki ne, ni na fi son feroksaid.

Gilasai biyu da ke manne kuwa ba a tsoma su. A tsofaffin lensi da ƙaron wata bishiya ake manna su, Kanada balsam ake ce masa, sifirit da sauran ruwaye masu narkarwa in suka samu hanya ta gefe sai su fara shiga tsakani, ka je wankin fumfuna ka dawo da rabuwar gam. Jiƙa auduga ka ɗora ruwan a kan fuskar kawai, ka bar shi ya zauna a tsakiya kar ya gangara baki, minti biyu ka ɗauke. Haka in gefen gilashin yana da baƙin fenti, fentin nan yana hana haske yawo a ciki ne, sifirit yana wanke shi, in ya ɗan goge ka cike da baƙin alƙalamin maka mai kyau ko baƙin fenti marar sheƙi. Idan kuwa ka wanke fuska biyu tas amma har yanzu kana hango zaren a ciki, to tsakanin gilasan biyu take, cikin gam ɗin. Wannan sai an raba su an sake mannawa an daidaita tsakiyarsu, ba aikin teburin gida ba ne ga mai farawa, rufe abinka ka yi amfani da shi haka ko ka kai wa ƙwararre.

Bayan feroksaid, gilashin da ba manne ba ka wanke shi da ɗigon sabulu da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, canjin zafi farat ɗaya yana fasa gilashi. Ɗauraye da tataccen ruwa, hure ɗigon da mahuri, sannan shafar ƙarshe da sifirit a takardar lensi, zagaye ɗaya daga tsakiya zuwa waje. Sifirit mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa yana barin sawu, shi ya sa na ce 99. Ɗaga shi a tocila ta gefe, in ka ga sawu sake da sabuwar takarda, yawanci sau biyu uku ake yi kafin ya fito.

Kar ka manta da gidan da gilashin ya fito. Mutane suna wanke gilashi ya yi ƙal su mayar da shi cikin ƙarfen da ke cike da ƙwayoyin fumfunar. Goge mazaunin gilashin da zoben da woshar da sifirit a tsinken auduga, a hankali saboda baƙin fentin ciki. In ka ga ganyayyakin ƙofar haske suna sheƙin mai ko suna jan ƙafa wajen rufewa, taɓa su da man laita a bakin auduga, buɗe rufe buɗe rufe, ɗauke da busasshiya, kar ka danna domin sirara ne kamar reza, kuma busassu ake barinsu ba a sa musu mai ko kaɗan. Bar komai ya sha iska ya bushe sarai, ko awa ɗaya ko fiye, ka kifa kofi a kan gilasan kar ƙura ta sauka. Rufe danshi a cikin lensi daidai yake da sake shuka abin da ka cire.

Mayarwa, bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Hura mazauni, hura gilashi, saka shi a miƙe da robar tsotso, kibiya na kallon gaba, zaka ji ya zauna da wani ɗan sauti mai taushi. Zobe kuma fara juya shi hagu tukunna har ka ji ya faɗa tiredinsa sannan ka juya dama da yatsa, tiredin nan sirara ne na alminiyon in ya hau a karkace ya lalace kenan. Ɗaure shi ya kama kawai, ba ɗaurin tayar mota ba, matsi da yawa yana takura gilashi har ya tsage baki. Girgiza lensin kusa da kunne, in ka ji ƙwas-ƙwas wani abu bai zauna ba. Kuma ƙura ɗaya biyu dole su shiga, ko sau goma ka buɗe, kar ta sa ka sake buɗewa.

Ɗaura a kyamara ka gwada da abu mai nisa sosai, dogon ƙarfen sabis ko wani gini can nesa, ƙofar haske a buɗe duka, fokas a ƙarshensa. In ya fito garau madalla. In tsakiya ta yi kyau gefe ya narke, ko fokas ya ƙi kaiwa nesa, kusan kullum gilashi ne a juye ko wosha ce aka manta ko rukunin baya bai ɗauru har ƙarshe ba. Sai ka ɗauki wani hoton kana fuskantar haske, taga ko fitila, a nan ne zaka ga ribar aikin, domin fumfuna ba ta fitowa a hoto kamar zare, abin da take yi shi ne ta watsa haske hoto ya yi fari-fari dishi-dishi kamar an ɗauka ta bayan labule, baƙi ya ƙi zama baƙi.

Wasu za su ce ai ba sai an buɗe ba, a shanya shi a rana kawai. Hasken rana yana iya kashe ta ko ya tsayar da ita, amma gawar tana nan a kan gilashi ba inda za ta, ga shi gilashin kansa yana tare kaso mai yawa na hasken da ke kisan. Sannan akwai haɗari biyu: lensi yana tara rana wuri ɗaya ya ƙona abin da ke bayansa, in a jikin kyamara yake yana iya huda labulen shata na yadi, wanda ke buɗewa ya rufe idan an ɗauki hoto, cikin ɗan lokaci, zafi kuma yana narkar da giris ya gangaro kan ganyayyaki. In zaka yi, cire shi daga kyamara, ranar safe ko ta yamma, kar ka tafi ka bar shi, kar kuma ka leƙa rana ta cikinsa ko da wasa. Inda hasken yake aiki da gaske wani wuri ne daban: wasu lensin shekarun 1960 irin Super-Takumar 50mm f/1.4 an sa sinadarin toriyom a gilashinsu, da shekaru sai su yi rawaya kamar shayi, wannan ba fumfuna ba ce ba datti ba ne, wanki ba ya cire shi, haske mai ƙarfi na kwanaki ne ke rage shi. Irin wannan gilashin yana fitar da ɗan tururin radiyeshan, a yi hoto da shi ba matsala amma ba a kankare shi ba a niƙa shi, in ya fashe kar a shaƙi garinsa.

Ajiya kuma, tunda danshi ne tushen abin, shi zaka tsare. Jakar fatar nan ta asali, komai kyanta, raba ta da lensin, in tana warin gumi ma ka nisanta ta da sauran kayanka. Samu akwatin roba mai haske mai murfi da ke kamewa, zuba jakunkunan silika a ciki, sa ɗan ƙaramin ma'aunin danshi, ka nemi ya tsaya tsakanin 40 da 50. Kar ka bi shi har ƙasa da 30 don neman tsaro, bushewa da yawa tana ƙandarar da giris da roba. Silika tana ƙoshi, wadda ta ƙoshi ba ta tsotsar komai, shi ya sa mai canza kala ta fi, ruwan lemo ta koma kore ko shuɗiya ta koma ruwan hoda, sai ka gasa ta a obin wajen digiri 110 zuwa 120 na awa ɗaya biyu ta dawo. Ƴan jakunkunan da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun daɗe da ƙoshi, kar ka dogara da su. In ruwan sama ya taɓa ka a waje, ko ka fito daga ɗaki mai sanyin AC gilashi ya yi gumi, kar ka rufe murfi ka jefa a akwati, bar shi a buɗe ya bushe tukunna. Goge shatin yatsa kafin ajiya.

Wanda ka wanke ɗin ka ware shi daban na ɗan lokaci, ka rubuta ranar wankin a salatif ka manna a murfin baya, bayan wata ɗaya ka sake haska shi da tocila, bayan wata uku ka ƙara, ka kwatanta da hoton da ka ɗauka ranar da ka rufe shi. In tabon yana nan yadda yake bai ƙara reshe ba, mayar da shi cikin ƴan'uwansa. Kuma ka riƙa fito da su ko sau ɗaya a wata, ka murɗa fokas gaba da baya iska ta shiga ta fita, ka buɗe ƙofar haske ka rufe, ka ɗaura ɗaya a kyamara ka fita da shi, na cikin jakar da nake yawo da ita kullum ban taɓa samun fumfuna a cikinsu ba, duk wanda na samu a ciki wanda aka rufe aka manta ne.